Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Rabin Albashi

A makon jiya na tsaya muku a inda kamfaninmu ya tashi daga ɗaki ɗaya a Zoo Road a Kano ya koma wani bene a Nassarawa, kowa da teburinsa, kowane ɗaki da iya-kwandishan. Yau kuma labarin shekarar 2023 ne, shekarar da ba na jin wani mai ƙaramin kamfani a ƙasar nan zai manta da ita.

Ga waɗanda ba su biyo mu tun farko ba, manhaja muka ƙirƙira ta 'yan kasuwa. Mutum ya rubuta kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da wanda ya ɗauki bashi da ranar da ya yi alkawarin biya. Idan ranar ta zo, manhajar ta tura wa mai bashin saƙon tuni a waya, cikin ladabi, ba sai Alhaji ya aika yaro ba. Yawancin mutanenmu a Kantin Kwari suke, sai Singa da Sabon Gari, da 'yan hatsi kaɗan a Dawanau. Ni ne mai kula da su. Lambata ce a wayar kowa.

Da Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon shekarar, sai muka ce lokacinmu ya zo. Kowa ya koma tiransifa. Dattijon da a da yake cewa littafinsa ya ishe shi, yanzu shi ne ke kira a zo a saka masa manhaja, don alat ya yi masa yawa, ya kasa gane na wane ne. Sabbin mutane suka yi ta shigowa, muna ta murna a ofis.

Akwai lissafin da ke ƙasan wannan murnar. Mafi yawan masu shigowa tsarin kyauta suke ɗauka. Amma duk mutum ɗaya da ya ƙaru, kuɗin saƙonni ya ƙaru, kuɗin saba, wato babbar kwamfutar da muke ajiye bayanai a kanta, shi ma ya ƙaru. Sabar kuwa ta wani kamfanin Amurka ce, da dala ake biya duk ƙarshen wata. Mu naira muke karɓa, ita ma daga 'yan tsiraru. Gibin da ke tsakani kuɗin masu zuba jari ne ke cike shi, kuma wannan kuɗin ya kusa ƙarewa.

Oga, mai kamfanin, ya daɗe yana tattaunawa da wasu masu jari na waje, har an kai ga takardu. Sai dai tun 2022 Amurka ta shiga ƙara kuɗin ruwa, masu kuɗi suka fara janye jiki daga ƙananan kamfanonin fasaha, na Afirka a sahun gaba. A watan Maris na 2023 bankin Silicon Valley na Amurka, inda kamfanonin fasaha da yawa ke ajiya, ya durƙushe. Ba mu da ko kwabo a can, amma bayan 'yan kwanaki masu jarin suka rubuto cewa a dakata tukuna. Daga nan amsarsu ta fara jinkiri, har ta ɗauke.

Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500. Ofishin da ba ya aiki sai da wuta, wutar kuma ba ta da tabbas, kun san inda aka dosa. Aka koma tayar da inji daga sha ɗaya zuwa la'asar kawai, aka kashe iya-kwandishan, kowa ya matso da teburinsa kusa da taga. A tsakiyar Yuni aka saki naira ta nemo darajarta da kanta. Dama katinmu na banki ya daɗe da daina biyan dala, sai akantanmu ya je Wapa, kasuwar 'yan canji, ya sayo, a bi ta asusun wani abokin Oga a waje. Duk zuwan da zai yi, farashin ya fi na baya.

Ana saura kwana biyu Babbar Sallah Oga ya tara mu. Ban ga motarsa a harabar ofis ba ran nan, a adaidaita sahu ya zo, daga baya muka ji sayar da ita ya yi ya biya kuɗin saba da na haya. Ya zauna a kan tebur, wayarsa a kife, yana ta murza hularsa a hannu.

"Ba zan ɓoye muku ba," ya ce. "Abin da ke asusu, in na biya cikakken albashi, wata biyu ne mu rufe. In kun yarda da rabi, za mu kai ƙarshen shekara. Wanda ya samu wani wuri ya tafi, wallahi ba zan riƙe shi a rai ba, ni da kaina zan rubuta masa takardar shaida."

Ɗakin ya yi tsit. Can wata abokiyar aikinmu, wadda ita ke riƙe da ƙannenta tun rasuwar mahaifinsu, ta ce, "Oga, rabin da ya rage bashi ne a kanku ko ya tafi ke nan?" Ya ce bashi ne, za a rubuta. Ta ce to a rubuta yau. Na ga girmanta a wannan tambayar, domin mu maza duk kunya ta hana mu yin ta.

Ban yi layya ba a shekarar. Da na faɗa wa maiɗakina, sai ta ce, "Ai ba a kan mara hali take ba. Ka dai sai wa yara kaza, kada su ji ƙamshi a maƙwabta su zo suna kallonka." Mahaifiyata kuwa ba na iya ɓoye mata komai. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Mutumin nan ya taɓa cutar ka?" Na ce a'a. Ta ce, "To ka ɗan ƙara haƙuri da shi, amma ka buɗe idonka."

Bayan Sallah aka fara tafiya. Babban injiniyanmu ya samu aiki da wani kamfanin Turai, yana zaune a gidansa ana biyan sa da kuɗin waje. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, yana da iyali. Sai dai shi ya gina ƙashin bayan manhajar, abubuwa da yawa a kansa suke, ba a rubuce ba. Ya bar komai a hannun wani matashi da bai daɗe da gama Jami'ar Bayero ba, yaro mai ƙwazo, wanda ya koma kwana a ofis a kan sallaya.

A watan Oktoba dala ta riga ta haye naira 1,000 a Wapa. Kuɗin saba ya taru mana, aka yi ta turo gargaɗi, wata safiyar Asabar aka dakatar da asusunmu. Manhaja ta ƙi buɗewa ga kowa. Wayata ta yi ta ruri har ta yi zafi. Da hantsi na ga zama ba nawa ba ne, na tafi Kwari da ƙafata.

Akwai wani dattijo mai dilan atamfa da shadda, yana cikin mutanen farko da suka yarda da mu. Na tarar da shi da baƙi daga Maraɗi, sun zo biyan bashi su ɗauki sabon kaya, yaronsa na ta danna waya, allon fari fat. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗan nan," ya ce, "littafina da ka sa na ajiye, tun zamanin mahaifina ba a taɓa ce min ya ƙi buɗewa ba. Dukiyar mutane ce a ciki, ba tawa kaɗai ba. Ka gaya min gaskiya, ta salwanta?"

"Ranka ya daɗe, ba ta salwanta ba. Kuɗi ake bin mu, shi ya sa aka rufe. In an biya, komai zai dawo."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Gara da ka faɗa." Baƙinsa suka biya abin da suka tuna, aka rubuta a bayan kwali. Ni kuwa da na fito sai da na tsaya a bakin layi na share fuska. Rabin albashi bai taɓa yi min ciwo kamar wannan kwalin ba.

Oga ya ranto kuɗi, ranar Litinin manhaja ta dawo, ba abin da ya ɓata. A taron ranar na ce ina da magana. Na ce mu saka maɓallin da kowane ɗan kasuwa zai iya sauke lissafinsa gaba ɗaya, ya buga a takarda ya ajiye a shagonsa, kuma mu gaya musu su yi hakan duk mako. Mai kula da talla ya ce wannan shelar mutuwa ce, ranar da muka faɗa rabinsu za su gudu, kuma yawansu ne kaɗai abin da ya rage mana na nuna wa mai jari. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, na sani. Amma na ce amana suka ba mu, kuma ni ne na shiga shago-shago na karɓo ta da bakina.

Oga bai yanke hukunci a wurin ba. Bayan an watse ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya juyo min da kwamfutarsa. Wasiƙa ce daga wani kamfanin bayar da rance a Legas. Ba manhajar suke so ba, ba ma'aikatan ba. Sunayen 'yan kasuwarmu suke so su saya, da lambobinsu, da tarihin cinikinsu. Kuɗin da suka taya zai biya duk bashin albashinmu.

"Malam," ya ce, "sun ba ni zuwa Juma'a."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.