Allon kafaɗata da ya tashi kamar fiffike

Ƙanwata ce ta fara gani. Mako biyar ke nan da cire min mama na dama, ina tsaye a makewayi na dafa bango da hannu biyu tana cuɗa min baya, sai na ji ta tsaya cak.

"Yaya, ƙashin bayanki fa ya fito."

Na ce wane ƙashi kuma? Ta ɗauki hoto da waya ta nuna min. Allon kafaɗata na dama ya ɗago daga jikin haƙarƙari, gefensa na wajen gadon baya ya turo fata kamar fiffiken kaza. Na hagu kuwa yana kwance lafiya lau. Duk tsawon makonnin nan ni da masu jinyata gaba muke kallo: ɗinki, robar da ke tsotse ruwa daga hammata, ranar komawa ɗaukar kemo, wato maganin kansar mama da ake ba ni. Ba wanda ya taɓa zagayawa ya dubi baya.

Da ma ina jin wani abu ba daidai ba. Ɗaura ɗankwali ya zama aiki. Tuƙa tuwo kuwa ban ma gwada ba. In na ɗago daga sujada sai in ji kafaɗar ta zame, nauyina duka ya koma hagu. Na ɗauka ciwon ɗinki ne kawai.

Da labari ya kai cikin gida a Kwarbai, Gwaggo ta yanke hukunci nan take: gocewa ce, a kai ni wajen mai ɗori. Har an yi maganar wani da ake yabo a wajen Ƙofar Doka. Ban raina masu ɗori ba, sun gyara ƙafar ɗana da ya faɗo daga mangwaro, amma jikin da aka yanka bai daɗe ba, ban yarda a ja shi ba. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, bari likita ya gani tukuna.

Likitar fisiyo, mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar atisaye, da aka tura ni wajenta ta sa na tura bango da tafin hannu, ta tsaya a bayana tana kallo. Sannan ta zaunar da ni ta yi min bayani da zane. Akwai wata tsoka da ta taso daga haƙarƙari takwas ko tara na sama, ta zagaya ta ƙarƙashin allon kafaɗa ta kama gefensa na ciki. Ita ke manne shi da ƙirji, ita ke juya shi sama in za a ɗaga hannu. Jijiyar da ke ba ta umarni siririya ce, ta fito daga wuya ta gangaro ta bangon hammata, daidai wurin da ake kwashe kaluluwa a tiyatar kansar mama. Ba sai an yanke ta ba. Ja ko matsa kaɗai kan sa ta yi sanyi, tsokar ta kwanta, allon ya saki.

Abin da ya fi zauna min a kai shi ne lissafin da ta yi. In mutum ya miƙe hannu sama sosai, digiri 180 ke nan. Kusan 120 daga gaɓar kafaɗa suke zuwa, sauran 60 kuwa allon ne ke juyawa ya bayar. Ni malamar lissafi ce a firamare, nan take na gane dalilin da hannuna ke tsayawa a hanya. Ta kuma ce jijiya in tana farfaɗowa, kusan milimita 1 take yi a rana. Yawanci wata shida zuwa shekara guda ake ɗauka, wasu har shekara biyu.

"Malama, gaggawa ba ta aiki a nan," in ji ta. Ta hana ni ɗaukar bokitin ruwa da wannan hannun, ta hana a murɗa ko a ja.

Atisayen kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne, har ya ba ni haushi da farko. In tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo. In kwanta rigingine in miƙa hannu sama kamar zan taɓo silin, kafaɗa ta ɗago kaɗan, in sauke. In matse alluna biyun baya in saki. Sandar tsintsiyar mofa na riƙe da hannu biyu, na hagu yana taimakon na dama. Na sami alli na riƙa yi wa bangon ɗakina alama duk Juma'a inda yatsana ya kai. Maigida ya ce na mayar masa da ɗaki aji.

Da aka zo gashin wurin tiyatar da na'ura don kashe sauran ƙwayoyin cutar, sai alamar ta sauko. Fata da tsokar ƙirji suka ɗaure, ga sanyin hunturun Zariya da ke sa komai ya ƙage. Mako uku ina ganin alli yana komawa ƙasa, na yi kuka ba sau ɗaya ba. Likitar ta ce gashi kan jawo haka, a ci gaba da miƙa wurin a hankali. Bayan azumi alamar ta sake hawa.

A layin asibiti yanzu, in hira ta haɗa ni da wadda aka yi wa irin aikina tana kukan hannu, nakan ce ta sa wani ya tsaya a bayanta ta tura bango. Mata biyu sun dawo sun ce an ga irin nawa. Wata kuwa nata kumburin hannu ne, wata matsala daban da ke zuwa bayan cire kaluluwa.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Ƙanwata ta sake ɗaukar hoto shekaranjiya, fiffiken ya kwanta sai ɗan tudu in na gaji. Na koma aji tun zangon da ya wuce. Kwanan wata a can saman allo har yanzu monita ke rubuta min, amma layi na biyu zuwa ƙasa ni nake rubutawa da hannun dama.