Kazar lemon tsami da ganyen kusbara, tsakanin La'asar da Magariba

A gidanmu na Tudun Wada, tun ina yarinya, aikin lemon tsami a wajen kaza guda ɗaya ne: wanki. A yanka kaza, a fige, a babbake, sai Umma ta ce a miƙo mata lemo biyu. Ta matse a kan naman, ta cuɗa da gishiri, ta ɗauraye har sau uku don ƙarni ya fita. Daga nan lemo ya gama aikinsa, ɓawo ya tafi bola, kaza kuma ta shiga tafashe, ta fito ta shiga mai, ta fito ta shiga miya. Haka na koya, haka na yi shekara 11 ina yi a ɗakina. Girki ne mai daɗi, ba na kushe shi, amma yana cin wuni, shi ya sa kaza a wurina ta zama abincin Asabar ko na ranar da aka yi baƙi.

Ƙanwar maigida ce ta sauya mini wannan lissafi. Ta yi karatu a ƙasar Amurka, can kudu kusa da iyakar Meziko, da ta dawo ta zo ta yi mana sati biyu. Wata Talata na taso daga aiki a Samaru, nan Zariya, cunkoson Kwangila ya riƙe ni har bayan La'asar, na shigo gida ina tunanin taliya da manja kawai zan iya. Sai na tarar da ita a kicin da wani ganye kore shar a leda. Ta ce, "Anti, zauna ki huta, lemon tsami nawa kike da shi?" Na ce akwai shida, amma ai an riga an wanke kazar. Ta ce ba na wanki take nema ba, na ci ne. Kafin a kira Magariba abinci na kan tabarma, yara sun dawo daga Islamiyya suna tambayar ƙamshin mene ne wannan tun daga zaure.

Ganyen nan, can inda ta zauna suna ce masa silantiro, da yaren Sifaniya, domin Sifaniyawa ne suka ƙetara da shi zuwa waccan nahiya kimanin shekara 500 da suka wuce, mutanen Meziko kuma suka haɗa shi da lemon tsami har suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a girkinsu. Amma asalinsa na kusa da mu ne, yankin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya. Har a kabarin Fir'auna Tutankhamun an tarar da 'ya'yansa. Mu ma mun daɗe da sanin 'ya'yan, su ne kusbara da ake sayarwa a shagunan maganin Musulunci, su ne kuma ke cikin garin kori da muke zuba wa shinkafa kullum. Ganyen ne kawai baƙo a tukunyarmu.

Ni a kasuwar Sabon Gari nake samu, wajen masu latas da kabeji da karas. Idan kika ce musu kusbara za su tura ki wajen masu kayan ƙamshi, don haka koriyanda za ki ce. Malamin da nake saya a wurinsa ya ce daga Jos ake kawo masa, ba kuma kullum ake samu ba, an fi samu da sanyi. Ki yi hattara da wani ganye da ake kira fasili, don a ido kamar tagwaye suke, kuma kusa da juna ake ajiye su. Ki tsinki ganye ɗaya ki murza a yatsa ki shaƙa. Fasili ƙamshin ciyawa yake yi a hankali, bakin ganyensa da tsini. Kusbara ganyenta ya fi laushi, bakinsa a zagaye, ƙamshinta kuwa ba ya sallama, shigowa yake kai tsaye.

Maganar kaza kuma, a nan zan tsaya in faɗi abin da wasu ba za su so ba: kazar Hausa ba ta dace da wannan girki ba. Na fi kowa son kazar Hausa a farfesu, romonta babu na biyunsa, amma tsuntsuwa ce da ta yi wata shida ko fiye tana yawo tana tone-tone, namanta sai an ba shi wuta mai tsawo. Haka ma kajin ƙwai da suka gama zubi, irin su Shika Brown ɗin nan da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar, suna da araha kuma suna da daɗi a miya, sai dai minti 30 ba ya yi musu komai. Abin da ake so shi ne kazar gidan gona ta nama, wadda ake sayarwa tana da sati 6 zuwa 8. Ita ma ɗin cinya ta fi ƙirji, saboda cinya na da ɗan kitse da ke kare ta daga bushewa. Idan guda na saya, ina sa mai figa ya yanka mini ita gida 8, in ware wuya da ƙundu da ƙafafu don miyar gobe.

Ga yadda nake yi wa mutum shida. Lemon tsami 6 nake ɗauka, in wanke, in raba su gida biyu tun daga farko, uku a dama uku a hagu, kuma wannan rabon shi ne dukan sirrin girkin. Ukun farko ina kankare koren bayansu da abin goga kuɓewa, sama-sama, ba na kaiwa ga farin ciki domin a nan ɗaci yake. Ƙamshin lemo na gaskiya a koren ɓawon nan yake zaune, wanda muka saba zubarwa. Ganye damƙi biyu, shi ma in raba: ganyayyakin in ajiye gefe a rufe, karan kuma, wanda da yawa ke jefarwa, in yayyanka shi cikin turmi. In ƙara tafarnuwa ƙwara 6, ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa, attarugu 2, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, dunƙule ɗaya, da kankararren ɓawon nan. In daka su har su haɗe. Ina da injin markaɗe, amma turmi ba ya jiran a kawo wuta, kuma jajjagensa ya fi manne wa nama. Sai in kwashe, in zuba man gyaɗa babban cokali 3 da ruwan lemo ukun nan.

Naman ina tsane shi sosai, in tsattsaga kowace cinya sau biyu har wuƙa ta taɓa ƙashi, in cuɗa da haɗin nan da hannu yadda zai shiga tsagar. A roba ko kwanon tangaran nake yi, ba a tukunyar dalma ba, domin tsami na cin dalma, ya bar wa nama wani ɗanɗano na ƙarfe. Sai in rufe in bar shi minti 30, daidai lokacin da zan wanke shinkafa in ɗora, in yanka albasa, in cire kayan aiki.

Kada a zarce awa biyu. Wannan na koya da hannuna. Karo na biyu da na yi ni kaɗai, na ga tunda minti 30 ya yi daɗi haka, to kwana zai fi. Na haɗa da daddare na sa a firij. Washegari naman ya yi fari fat kamar an tafasa shi, da na soya kuma sai bayansa ya yi gari-gari a baki, cikinsa ya bushe. Na ji zafin abin ƙwarai, domin kaza ba abin wasa ba ce a wannan zamani, kuma ranar maigida ya gayyato abokinsa. Daga baya na fahimci dalili: tsamin lemo yana yi wa nama irin aikin da wuta ke yi, yana dafa shi a sanyi, idan ya daɗe sai ya wuce gona da iri. Wani abin lura kuma, a zafin Maris da Afrilu na Zariya ɗanyar kaza ba ta zama a waje fiye da awa ɗaya. Idan babu firij, a tsaya a kan minti 30 ɗin, ya wadatar.

Kasko mai kauri nake ɗorawa, in bar shi ya yi zafi sosai kafin in zuba mai cokali 2 kacal. Ba suyar da nama ke iyo a mai ba ce. In share jajjagen da ya taru a bayan fatar in mayar cikin roba, saboda tafarnuwa na saurin ƙonewa, sannan in jera cinyoyin fata a ƙasa. Daga nan sai haƙuri. Minti 7 ko 8 ba na taɓa su. Mun saba da juya nama kowane lokaci, hannu ba ya so ya zauna, amma idan aka bar fatar ta gasu da kanta za ta saki kasko ba tare da ta yage ba, ta yi ja mai kyau. Idan kaskon ƙarami ne gara a yi sau biyu da a cunkusa, don cunkoso ruwa yake fitarwa, suya ta koma tafashe.

Bayan na juya, sai in watsa albasa babba guda da na yanka, in ɗauraye robar jajjagen da rabin kofi na ruwa in juye a gefen kasko, in rufe, in rage wuta. Wannan ragowar haɗin ya taɓa ɗanyen nama, dole ya tafasa tare da kazar, ba a ajiye shi a zuba a ƙarshe. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Masu ma'aunin zafi suna cewa sai cikin naman ya kai digiri 74. Ni ba ni da ma'auni, ina soka wuƙa a cinyar da ta fi kauri har ƙashi, idan ruwan da ya fito fari ne tas babu alamar jini, ta nuna. Saura minti 2 in sauke nake ɗiga zuma cokali ɗaya, ta sassauta tsamin, ta sa romon ya yi sheƙi. Idan aka sa ta da wuri baƙi take yi.

Sai an kashe wuta sannan lemo ukun da suka rage da ganyen nan ke shiga. Wuta abokiyar gabar su biyun ce. Ruwan lemon da ya dahu tsaminsa na nan amma ƙamshinsa ya gudu, ganyen kusbara kuwa minti biyu a tafasa ya isa ya mayar da shi baƙi, laushi, babu ƙamshi. Don haka in matse lemon a kan kaza tana tururi, in yanka ganyen a lokacin, ba tun ɗazu ba, in barbaɗa da yawa, in ɗanɗana gishiri. Wani lemon ruwa ne da shi, wani a bushe yake, shi ya sa ba na matse na ukun sai na taɓa a harshe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Da farar shinkafa muka fi ci, a zuba romon kaskon a kai, babu wata miya. Na gwada da dafaffen dankalin Hausa, zaƙinsa da tsamin sun karɓi juna fiye da yadda na zata. Maigida ya fi so da gurasa, yana dangwalar romo.

Ba kowa ne ya karɓe ta a gidan ba. Ɗana na biyu, ranar farko, ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali ya ce, "Mama, ba a ɗauraye kwanon nan ba, sabulu nake ji." Na yi masa faɗa, na ɗauka tsirfa ce. Gwaggonsa ce ta tare ni ta ce gaskiya yaron yake faɗa. A ganyen akwai wasu sinadarai da ake kira aldehayid, danginsu na cikin sabulu, kuma wasu mutane an halicce su da hancin da ke kama wannan ƙamshi fiye da na kowa. Abu ne na gado, ba taurin kai ba. Na ba shi haƙuri a gaban 'yan'uwansa. Yanzu nasa nake fara cirewa kafin in zuba ganye, in yanka masa lawashi ko ɗaɗɗoya a kai. Karan da aka daka aka dafa ba ya damunsa, ɗanyen ganyen ne ba sa shiri.

Hajiya, mahaifiyar maigida, da na kai mata can cikin birni wajen Ƙofar Doka, ta buɗe kwano ta shaƙa ta ce, "'Yar nan, wannan ganye naku warin kuɗin cizo yake yi." Ba ita ta fara faɗin haka ba, mutane da dama a duniya sun yi wannan kwatanci. Ta ture ganyen gefe da cokali ta ci naman, ta cinye cinya biyu, ta ce lemon ya buɗe mata baki, ga shi ta kwana biyu ba ta jin daɗin abinci. Tun daga ranar idan zan aika mata, nata da ganye kaɗan nake yi, lemo da yawa.

Da na gaji da zuwa Sabon Gari ana ce mini babu, sai na shuka. Kusbarar shago na saya, na murza 'ya'yan a tafin hannu don kowane ƙwallo ya rabe biyu, domin iri biyu ne a cikinsa, na watsa a tsohon bokiti da ƙasa da takin akuya a watan Nuwamba. Ba duka suka fito ba, amma waɗanda suka fito sun tsiro cikin sati biyu, bayan sati shida na fara tsinka. A inda aka shuka ta ake barinta, ba ta son dashe, saboda saiwarta guda ce mai nutsewa ƙasa. Hunturun Zariya ya karɓe ta sosai, lokacin da lambunan bakin Galma ke cika da latas da karas ita ma take walawa. Da zafi ya fara shigowa a ƙarshen Fabrairu sai ta miƙe ta yi tsawo, ganyen ya sirance, ta fitar da ƙananan furanni farare. Na bar ta ta yi 'ya'ya har suka bushe a jikinta, na kakkaɓe su a faranti. Suna nan cikin kwalbar zuma a saman kanta, na rubuta Nuwamba a murfin, kuma maƙwabciyata ta riga ta kama rabi.