Fiffiken Spitfire ɗin Yaya

Asabar.

Ina tashi na nufi ledar da na ɗaure ɗan jirgin saman nan na roba, irin na haɗawa da hannu, a ciki. Jiya da dare na fesa masa maganin wanke obin, mai soda mai ƙarfi, na bar shi ya kwana. Sodar tana cin fentin mai amma ba ruwanta da robar polistirin. Asiton da wasu ke garajen ɗauka kuwa, narkar da jirgin zai yi gaba ɗaya. Na sa safar hannu, na ɗauki tsohon buroshin haƙori, fenti ya yi ta saɓulewa kamar saɓar maciji.

Jirgin na Yaya ne. Ya haɗa shi yana ɗan shekara 13, ya kwashe shekara 30 a ƙasan kwali, har sai da na tono shi makon jiya, farfela ta rasa reshe ɗaya, gilashin matuƙi ya yi hazo. Spitfire ne samfurin farko, irin wanda ya kare sararin Ingila a 1940, a ma'aunin 1/72, wato an rage girmansa sau 72. Na gaske faɗinsa daga tsinin fiffike zuwa tsini mita 11.23 ne, don haka wannan ya kamata ya ba da santimita 15.6. Na ɗora rula, ya yi daidai. Ban san me ya sa hakan ke faranta mini rai kowane lokaci ba.

Da fentin ya fita ne na ga abin da ya ɓoye. Fuka-fukan Spitfire ba a shimfiɗe suke ba, suna ɗagawa sama da digiri 6 daga jiki zuwa tsini, kuma wannan ɗagawar ce ke taimaka wa jirgi ya daidaita kansa idan iska ta karkatar da shi. Na Yaya kuwa a kwance suke kamar faranti, na hagu ma har ya ɗan sunkuya. In ido ya ga irin wannan sau ɗaya, shi ke nan, ba ya sake ganin komai sai shi. Na yi ta juya jirgin a hannu ina cewa R. J. Mitchell, wanda ya zana shi, ya rasu tun 1937, ba zai zo ya tuhume ni ba. Duk da haka zuciya ta ƙi.

Matsalar ita ce gam ɗin roba ba manna abu yake yi ba. Narkar da fuskokin biyu yake yi su koma abu guda, tamkar walda. Dabarar da aka saba ita ce a sa jirgin a firiza, tsohon gam ya yi tauri ya gautsi, sai a ɓalle shi a hankali. Na ba shi awa biyu. Fiffiken dama ya fita, ƙas, tsaf a kan layinsa, har na fara jin kaina gwani. Na hagu na murɗa da gaggawa, sai ya tsage ba a mahaɗa ba, ta tsakiyar ramin taya.

Na ajiye shi na fita na sha iska.

Da yamma na huda ramuka biyu na rabin milimita a kowane ɓangare, na cusa siririyar wayar tagulla ta zama ƙashi, sannan na ɗiga gam mai ruwa ya bi tsagar da kansa. Daga jiki zuwa tsini kusan santimita 7 ne, digiri 6 kuwa na nufin tsinin ya ɗaga kamar milimita 7. Na jera guntayen kwali ƙarƙashin kowane tsini har suka kai haka. Sauran aiki: cike tsagar, gogewa da samfefa 600 sannan 1000, sassaƙa reshen farfela. Gilashin kuwa farin gam na katako zan sa masa, domin tururin sufa gulu shi ke sa shi hazo.

Bayan isha na kira Yaya ta bidiyo na nuna masa.

"Kai, wa ya ce ka taɓa fiffiken?" in ji shi. "Shekara talatin yana zaune lafiya, kwana ɗaya a hannunka ya karye."

Na ce, "Yaya, ai a kwance ka manna shi."

Ya yi dariya har da tari. Wai ƙamus ya ɗora a kai don gam ya kama da kyau, ya kwana yana alfahari da dabararsa. Sannan ya tambayi launi. Na ce na riga na tanadi fentin Humbrol lamba 29 da 30, ruwan ƙasa da kore mai duhu, na 1940. Toka da koren da ya shafa masa sai a 1941 aka koma musu.

"Ka mayar masa da tokarsa," ya ce. "Jirgina ne."

Na ce to, zan duba. Gwangwanin lamba 29 na nan kan tebur ban buɗe ba, fiffiken kuma sai gobe zan cire masa kwalin.