Asabar: yinin da na ɓata wajen koya wa tsohuwar ThinkPad barci

Yau ban leƙa ko'ina ba sai masallaci. Yinin gaba ɗaya ya tafi a kan kwamfutar tafi-da-gidanka da na bar wa ƙanwata, ThinkPad T420, ƙirar 2011, wadda na saya ta hannu shekarun baya. Core i5 ce ta ƙarni na biyu, da RAM giga 8, da SSD da na sa mata a madadin tsohon faifan. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 tana neman ɗan guntun tsaro da ake kira TPM, samfurin 2.0, alhali wannan 1.2 gare ta, sai na ɗora mata Linux Mint. Rubutu, intanet, kallon lacca, duk lafiya lau.

Da safe muna shan koko ta ce, "Yaya, abar nan taka fa ba ta barci. In cika ta da caji, in rufe, in sa a jaka, kafin in isa makaranta jakar ta yi zafi kamar an sa dutsen guga, batir ya kusa mutuwa."

Na ce ta kawo. Akwai wuta a lokacin, na ɗora ta a tebur na rufe murfin. Fanka ta tsaya, ɗan jinjirin watan da ke bayan murfi ya kama, alamar ta yi barci kenan. Na bar ta har na gama karyawa, ba ta motsa ba. Na gwada da Fn da F4, haka nan. Ƙanwata ta tsaya a kaina tana rantsuwa cewa ba ƙarya take yi ba, ni kuwa ban ce ta yi ba. Matsalar da ke ɓuya idan ta ga mai gyara ita ce ta fi cin rai.

Abin da nake so da Linux shi ne ba ta mantuwa, duk abin da ya faru tana rubutawa. Na buɗe taminal, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na kira journalctl, mai nuna wannan rubutun, na koma kan safiyar Alhamis. Ga layin "suspend entry" daidai lokacin da take fita daga gida, ga "suspend exit" bayan 'yan mintoci, sa'ad da take cikin adaidaita sahu. Laraba ma haka. Ashe kwamfutar tana barci sarai, wani abu ne ke tashin ta a hanya. Da ta farka kuma murfi a rufe yake, ba wanda ya sake rufe shi, sai ta zauna a farke cikin jaka, ba iska, fanka na ta fama.

Tsarin da ke kula da wannan harka sunansa ACPI, Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da shi a 1996. Ya raba halin da kwamfuta ke ciki zuwa matakai. S0 tana aiki. S5 a kashe take. S3 shi ne barcin da muke magana: ana yanke wa kusan komai wuta, a bar RAM kaɗai da ɗan abin da zai riƙe aikin da ke cikinta. S4 kuma dogon barci ne, a kwashe abin da ke RAM a zuba a faifai, a kashe na'urar ɗungurungum. Na duba fayil ɗin /sys/power/mem_sleep, ya nuna min zaɓi biyu, s2idle da deep, kuma deep ne ke aiki, wato S3 na gaskiya.

A nan tsohuwar ta burge ni. Yawancin sababbin kwamfutoci sun bar S3, sun koma wani barci na rabi da rabi, inda na'urar ke nan a S0 tana lumshe ido kawai, don ta farka nan take kamar waya. Ga mai wuta dare da rana wannan ba laifi. Ga mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama, barcin da ya fi cin batir ba ci gaba ba ne. Mafi yawan shawarwarin da na tarar a intanet na masu sababbin ne, suna neman yadda za su dawo da abin da wannan ta zo da shi tun daga masana'anta. Da na bi su da na yi ta taɓa GRUB, manhajar da ke tayar da Linux in an kunna kwamfuta, a banza.

Wurin da ya dace a duba shi ne /proc/acpi/wakeup. Jeri ne na duk abin da aka ba izinin tashin kwamfutar. LID shi ne murfi. SLPB maɓallin barci. IGBE ramin wayar intanet. Sai EHC1 da EHC2, masu kula da ramukan USB, dukansu an rubuta musu enabled. Na juya kwamfutar, sai ga ɗan mitsitsin abin nan na maus mara waya a maƙale a gefe, ya yi shekara a wurin har an manta da shi.

Na ce, "Ina maus ɗin yake zama in za ki makaranta?"

"A jaka mana, Yaya. A aljihun gaba."

"A kunne?"

Ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta ma san ana kashe shi ba.

Na sa kwamfutar barci, na ɗauki maus na danna. Jinjirin wata ya mutu, fanka ta tashi. Shi kenan an kama ɓarawo. Irin waɗannan 'yan maƙalallun masu araha sukan gabatar da kansu ga kwamfuta a matsayin kibod da maus a haɗe, Linux kuwa tana ba kibod na USB izinin tashin na'ura tun asali. To a sa maus a jaka tare da littattafai, a hau adaidaita, a faɗa rami ɗaya, ai dole wani abu ya danne shi.

Magani mafi sauƙi shi ne ta riƙa kashe maus ta ƙasa. Na san ƙanwata, za ta yi kwana biyu ta manta. Don haka na cire wa USB izinin gaba ɗaya. Ana yi ne da tura sunan, EHC1 ko EHC2, cikin wancan fayil da umarnin echo. Abu biyu ne sai an kula. Na farko, turawar juyi take yi: ka tura sau ɗaya ya kashe, ka sake turawa ya kunna. Na biyu, ba ya zama, da an sake kunna kwamfuta ya koma yadda yake. Sai na rubuta ɗan ƙaramin aiki na systemd, mai tafiyar da ayyukan Linux tun daga kunnawa, layuka kaɗan, wanda zai yi turawar sau ɗaya duk lokacin da aka kunna. LID da SLPB na bar su, don ɗaga murfi ko taɓa Fn su ci gaba da tashin ta. Na kashe na kunna, na duba jerin, biyun sun nuna disabled. Na sa ta barci na yi ta dannar maus har na gaji, ko gezau.

Ana kiran azahar aka ɗauke wuta. Da na dawo daga masallaci na ce tunda a kan batir muke, bari in ga ina cajin yake tafiya.

Umarnin upower yana nuna lamba biyu: abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da abin da yake iya ɗauka yanzu. Mai sel shida ne, an ƙera shi a kan awa-wat 57, yanzu ko rabi ba ya kaiwa. Wannan ba manhajar da za ta gyara shi, tsufa ne. Abin da za a iya shi ne rage masu ci. Na kunna powertop, manhajar Intel da ke nuna wat nawa ake sha a kowane lokaci, na ga lambar ta yi yawa ga kwamfutar da ba ta yin komai. Wannan samfurin yana da katin hoto biyu, na Intel da ke cikin furosesa da na Nvidia, NVS 4200M. Mai rubuta aikin makaranta da kallon lacca ba ta da abin yi da na biyun. Na sake kunnawa, na danna F1 na shiga BIOS, shafin saitin na'urar kanta, a sashen Display na mayar da shi Integrated, wato na Intel kaɗai. Da na dawo, lambar ta sauka sosai, ƙasan kwamfutar ma ya daina ƙuna.

Ina cikin BIOS ɗin na ga wani zaɓi, Always On USB. Shi ne ke ba ramin nan mai launin ɗorawa wuta ko da kwamfutar tana barci. Na ce zan kashe shi, ƙanwata ta yi tsalle.

"Haba Yaya, don Allah kar ka taɓa min wannan! Da shi nake cajin waya in ba wuta."

Wato duk surutun da ake yi na batir ba ya daɗewa, ashe har da waya yake ciyarwa. Na bar mata. Kwamfutarta ce, ita ta san abin da ya fi mata amfani da daddare.

Daga nan na saka TLP, manhajar tattalin batir ta Linux. Ba sai an yi masa dogon saiti ba, da kansa yake gane an cire caja ya rage wa furosesa da Wi-Fi da faifai ci. Abin da na daɗe a kai shi ne iyakar caji. ThinkPad tana yarda a ce mata ta fara caji a kaza, ta tsaya a kaza, kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce a tsaya a kashi 80, a sake farawa in ya sauka ƙasa da 75. Dalilin gaskiya ne: batirin litiyam yana saurin lalacewa idan kullum a cike yake maƙil, musamman cikin zafi, mu kuwa a Kano watan Afrilu yakan haura digiri 40. Amma wannan shawara ta wanda kwamfutarsa ke jone da wuta daga safe har dare ce. Batirin da bai kai rabin ƙarfinsa ba, a sake yanke masa kashi ɗaya cikin biyar, me ya rage? Tattalin me ake yi wa abin da ya riga ya ƙare? Na bar shi ya riƙa cika ɗari. In an sayi sabo, a lokacin zan sa iyakar, tunda akwai umarnin tlp fullcharge da ke cika shi sau ɗaya duk ranar da za a yi tafiya.

Fanka tana wani ɗan gurnani, ƙurar hunturu ce. Na busa ta gefe abin da ya fita ya fita. Buɗewa da canja man furosesa na bar wa masu gyara a Beirut Road da ke Kano, ba ni da man a gida.

Bayan la'asar na juya ga dogon barci, kuma a nan na tsaya. Amfaninsa a wurinmu a bayyane yake. S3 yana shan batir a hankali, ko ba yawa. In aka kwana biyu ba wuta batirin ya mutu, duk abin da ke RAM ya tafi, har da babin da ba a adana ba. A S4 kuwa ko cire batirin aka yi, aikin na nan a faifai. Systemd ma yana da haɗin biyun, suspend-then-hibernate: ta yi ƙaramin barci na ɗan lokacin da ka ƙayyade, in ba a buɗe ta ba ta farka da kanta ta kwashe komai zuwa faifai ta mutu. Wannan shi nake so mata.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Wurin da ake zuba abin shi ne swap, wani fili da aka ware a faifai, wanda ke kan wannan kwamfutar giga 2 ne kawai, RAM kuwa 8. Dole a faɗaɗa shi, a gaya wa GRUB a wane ɓangaren faifai yake ta hanyar saitin resume, in fayil ne a ƙara masa resume_offset, sannan a sabunta initramfs, fayil ɗin da Linux ke fara lodawa in za ta tashi. Sauƙin da na samu shi ne T420 ba ta da Secure Boot, wani tsarin tsaro na lokacin kunnawa, wanda a sababbi yakan hana dogon barci. Duk da haka ba aikin da zan fara ba ne da batir a kashi 20 kuma ba wuta. In ta mutu ana tsakiyar rubuta initramfs, gobe ba barci za mu yi ta nema ba, tashi za mu nema.

Ba a dawo da wuta ba har isha'i. Ƙanwata ta karɓe kayarta ta ƙarasa abin da ya rage a batirin wajen cajin waya. Na rubuta matakan swap ɗin a takarda bi da bi, da lambar batirin da ke jikinsa, don in tambayi kuɗin mai sel tara, wanda ke ɗaukar awa-wat 94. Gobe in an kawo wuta da safe zan fara da faɗaɗa swap zuwa giga 10.