Kada ku zuba ƙananan 'yan badujala a fage ɗaya da manya

Shekarar da aka fara ɗora mini nauyin shirya gasar badujala ta makarantun garinmu, don bikin Ranar Yara ta 27 ga Mayu, makarantu tara ne suka ba da suna. A cikinsu akwai wata babbar sakandare ta kwana mai yara wajen sittin, ganguna sababbi fil, kaki ya sha guga. Akwai kuma wata firamare ta bayan gari mai yara goma sha huɗu, ganga huɗu da bigila biyu, fatar ganga ɗaya ma ɗinke ta aka yi. Ana saura mako biyu malaminsu ya same ni, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce, "Malam, ba za a ware mana namu rukunin ba? Yaran nan ba sa'o'in waɗancan ba ne." Na ce masa, "Baba, fage ɗaya ne, alƙalai ɗaya, kowa ya nuna abin da ya iya." A lokacin na ɗauka adalci ke nan.

Ranar gasa yaransa sun yi abin da har yau nake tunawa. Ƙafa ɗaya suke ɗagawa, ƙafa ɗaya suke saukewa, masu bigila ba su yi tuntuɓen murya ko sau ɗaya ba. Amma ni na tsara jerin shiga, kuma na sa su bayan babbar sakandaren nan. Kunnen jama'a ya riga ya cika da rugugin ganguna ashirin, sai kiɗan yaran ya zama kamar ana ƙwanƙwasa ƙwarya. Alƙalai uku na gayyato, tsohon soja da tsohon ɗan sanda da malamin wasanni, ban kuwa ba su takardar da ta fayyace abin da za su duba ba. Kowa ya ba da maki ɗaya dunƙule, kuma ido da kunne suka ja su wajen mai yawa. Yaran suka zo na tara. Da shekara ta zagayo makarantu biyar kawai suka dawo, ƙananan duk sun janye, ciki har da ta dattijon.

Ƙannena masu sha'awar wannan harka, ko a fagen dambe ba a tura yaron da ya fara ɗaure hannu bana ya kara da wanda ya shekara goma yana kisa. Na san wannan tun ina yaro, amma da aka ba ni alƙalami da takarda sai na manta.

Daga baya na zauna na bi yadda Amurkawa suke tafiyar da tasu gasar, domin a can ne wannan wasa ya fi bunƙasa. Asalinsa daga ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, su suka riƙa ɗaukar nauyin ƙungiyoyin matasa masu ganga da bigila. Da saɓani ya yi yawa kan dokoki da kuɗi, ƙungiyoyi 13 suka haɗu suka kafa hukumarsu, Drum Corps International, wadda ake taƙaitawa DCI. Gasarta ta farko an yi ta a 1972 a garin Whitewater na jihar Wiskonsin, ƙungiyar Anaheim Kingsmen ta ɗauki kofi. Tun 2009 a filin Lucas Oil na birnin Indiyanafolis ake yin wasan ƙarshe cikin watan Agusta, inda ƙungiyoyi 12 da suka fi maki suke karawa. Babbar ƙungiya a yau tana iya shiga fili da mutum 165.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk da wannan girma ba su bar ƙanana su narke ba. Sun taɓa ware rukuni na musamman ga ƙungiyoyin da ba su wuce mutum 60 ba. Bayan nan suka koma rukuni uku, na ɗaya da na biyu da na uku, har zuwa 2008 da suka haɗe na biyu da na uku suka zama Open Class, manyan kuma World Class. Ƙungiyar ƙaramin rukuni tana da nata kofin da nata zakaran, kuma in tana son hawa sama sai an duba tsarin shugabancinta da aljihunta, a tabbatar za ta iya ciyar da yara da jigilarsu tsawon bazara. A 2013 suka ƙara buɗe wata ƙofa mai suna SoundSport, inda mutum biyar ma sun isa su kafa ƙungiya. A can ba a jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ana auna kowa da ma'auni ne a ba shi darajar zinariya ko azurfa ko tagulla. Da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na yi shiru, don yaran dattijon nan zinariya za su ci.

Saboda haka in aka ba ku shirya gasa, ku fara da ƙirga kawuna da kayan kiɗa na kowace ƙungiya, tun kafin a buga takardar gayyata. Ku yanka rukuni gwargwadon abin da ke ƙasa a garinku. Mu daga baya mun tsaya a kan biyu, masu yara 25 zuwa ƙasa da waɗanda suka haura haka, kowane da kofinsa, kuma kofunan girmansu ɗaya. Wannan na ƙarshe kada ku raina shi. Yaro yana gane ƙaramin kofi tun daga nesa.

Sai takardar maki. A DCI maki 100 ne, 40 na yadda wasan gaba ɗaya ya ratsa mai kallo, 30 na tafiya da tsarin sahu, 30 na kiɗa da busa, kuma kowane alƙali da ɓangaren da yake kula da shi. Ba sai kun kwafi lissafinsu ba, amma ku raba aikin. Tsohon soja ya duba sahu da taku, wanda ya san kiɗa ya saurari ganga da bigila, kuma a rubuta ƙarara cewa ƙarfin sauti ba ya ƙara maki. Ku ba malamai kwafin takardar wata guda kafin ranar, su san abin da za su horar da yara a kai.

Raba rukuni yana zuwa da tasa fitinar, wannan ma na faɗa cikinta. A shekara ta uku wata makaranta mai yara arba'in ta zaɓo gwanayenta 25 ta shiga ƙaramin rukuni, wata kuma ta ɗauko samari 'yan haya da suka gama makaranta tuni ta sa musu kaki. Ban rubuta dokar da ta hana ba, don haka ba ni da bakin magana. Amurkawa suna da iyakar shekaru a gasar matasansu, wanda ya haura 22 ba shi da gurbi. Ku karɓi sunayen yara da ajinsu da sa hannun shugaban makaranta tun da wuri, kuma wanda ya ci ƙaramin rukuni sau biyu a jere ya hau sama.

Ƙanana su fara shiga da sassafe, kafin rana ta take kuma kafin manyan ganguna su cika fili. A tanadi ruwa da inuwa, don a ƙarshen Mayu yaro mai ɗauke da ganga yana iya yanke jiki ya faɗi.

Da muka gyara tsarin na tafi da kaina har makarantar bayan garin nan da takardar gayyata. Dattijon ya riga ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san busa ba. Ya buɗe mini sito, na ga gangunan huɗu a jibge, gara ta cinye katakon biyu, bigila ɗaya kuma babu wanda ya san inda take. Na roƙi a ba ni yara goma sha biyu duk ranar Asabar, na ɗauki ganguna biyun da suka rage na kai wa mai gyara a kasuwa.