Asabar a bayan kantar mashaya: ƙanƙara, kumfa da sanyin kwalba

Ƙarfe goma na safe. Kafin a taɓa kowace kwalba, ƙanƙara ake fara dubawa. Wanda bai saba da aikin ba gani yake sanyi kaɗai take bayarwa, alhali ita ma mahaɗi ce, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na koktel, wato haɗin barasa da wasu abubuwan sha, da ke isa gaban mai sha ruwa ne da ya narke daga jikinta. Ta yau ta fito yadda ake so, manya, a bushe, har tana kama yatsa. Wadda ta jima a waje ta fara zufa ba ta da amfani, haɗin zai tsinke tun bai yi sanyi ba.

Daga nan na dama ruwan sukari: kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwan zafi, a yi ta motsawa har ya narke, ba sai ya tafasa ba. A firij yana kai wata guda, amma da ya fara dishi-dishi sai a zubar. Lemon tsami kuwa na bar shi sai yamma, don ruwansa ba ya son kwana. In ya kwana tsaminsa yakan koma ɗaci.

Da azahar aka sauke akwatunan giya, aka bar biyu a inda rana ke bugawa. Na sa aka shigo da su nan take, amma ta koriyar kwalba da na buɗe don gwaji ta riga ta ɗauki wari. Abin da ke faruwa shi ne, haske yana farfasa sinadarin ɗacin da ke fitowa daga furen hops, tsiron da ake sa wa giya, sai ya koma wani abu mai ɗoyi irin na farar wuta, kuma cikin 'yan mintuna hakan ke faruwa. Kwalba mai ruwan ƙasa ta fi tare haske, koriya da fara ba su da wannan kariyar sosai. Gwangwani ya fi su duka, ko da yake masu sha da yawa na raina shi.

Tunda an buɗe, na yi amfani da ita na gwada tambulan. Na karkata shi rabi, na zuba a jikinsa har ya wuce rabi, sannan na miƙe shi na ƙarasa a tsakiya don kumfa ta taso kamar faɗin yatsu biyu. Kumfar nan ba ƙawa ba ce kawai. Ita ke fitar da ƙamshi, kuma iskar da ta fita a tambulan ba za ta je ta kumbura ciki ba. Tambulan na farko ya ba da kunya: 'yan ƙwayoyin iska suka jeru a jikin gilashin daga ciki, kumfar kuma ta kwanta kafin minti ɗaya. Wannan alamar maiƙo ce ko ragowar sabulu. Na biyu, wanda aka ɗauraye da ruwan sanyi aka bari ya bushe da kansa, kumfarsa ta tsaya, tana barin zobe a jikin gilashin duk inda giyar ta sauka.

A giya ni dai filsina nake fifitawa, wadda aka fara yi a garin Pilsen na ƙasar Czech a 1842. Digiri 4 zuwa 7 a ma'aunin Celsius ya ishe ta. Baƙar giya mai kauri ta fi son 10 zuwa 13, a nan ne ƙamshin gasasshen sha'ir ɗinta ke fitowa kamar na kofi. Masu neman a kawo musu kwalba har ta fara daskarewa, sanyi kawai suke sha, harshe ba ya jin komai a wannan hali.

Da la'asar na koma kan ruwan inabi. Kuskuren da ya fi yawa a nan guda biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne: fari a kawo shi da sanyi fiye da kima, ja a kawo shi da ɗumi. Fari yana son digiri 8 zuwa 12, ja 14 zuwa 18. Maganar da ake yi cewa ja ba ya shiga firij ta samo asali ne daga ɗakuna masu sanyi. A ɗaki mai zafi, barasar ce ke fara bugun hanci, ɗanɗanon ya yi lami. Minti 20 a firij yana gyara shi, sai dai kar a wuce gona da iri, don sanyi mai yawa yana ƙara masa bauri. Fari kuma in ana sauri, bokiti ake cikawa rabi ƙanƙara rabi ruwa, a watsa gishiri, cikin minti 15 zuwa 20 ya yi. Ƙanƙara zalla ba ta kai wannan sauri ba, saboda iskar da ke tsakaninta ba ta jan zafi kamar ruwa.

Kwalba ɗaya na mayar yau. Da na sansana sai na ji warin jiƙaƙƙen kwali, ba ƙamshin 'ya'yan itace ko kaɗan. Laifin matoshin kwalbar ne, kuma barin ta ta sha iska ba ya kawar da shi. Sauran na zuba su yadda ya kamata, sulusin kofi, don a samu wurin juyawa. Kwalba mai mililita 750 kofi biyar take bayarwa.

Dare na koktel ne, kuma biyu suka fi fita. Negroni, wadda asalinta Italiya ne, ba ta da wuyar haddacewa: mililita 30 na barasar jin, 30 na Campari (jar barasa mai ɗaci), 30 na jan bermut mai zaƙi (wani nau'in ruwan inabi). Motsa ta ake yi da dogon cokali a kan ƙanƙara, daƙiƙa 20 zuwa 30, a tace a kan ƙanƙara babba guda ɗaya. Sai a yanko ɓawon lemon zaƙi, a matse shi a saman kofin, bayan ɓawon yana kallon ƙasa. In akwai fitila kusa za ka ga man ya fesu ya kwanta a saman ruwan. Duk Negroni da ta fito ba armashi, bermut ɗin nake fara tuhuma. Shi ma ruwan inabi ne da aka ƙara wa ganyayyaki, in aka buɗe aka bar shi a kan kanta sai iska ta kashe shi. Wurinsa firij, kuma bayan wata ɗaya zuwa biyu ya fara sauka.

Daiquiri kuwa, mai sunan wani ƙauye kusa da Santiago a ƙasar Kuba, ita ce ke tona asirin mai haɗi. Mililita 60 na farar rum (barasar rake), 25 na ruwan lemon tsami, 15 na ruwan sukari. Wannan girgiza ta ake yi da ƙarfi, daƙiƙa 10 zuwa 12, har gwangwanin girgizawar ya yi raɓa ya fara cizon hannu. Ƙa'idar da nake bi ke nan: abin da ke da ruwan lemo a girgiza, wanda barasa ce zalla a motsa. Lemon yau tsaminsa ya yi yawa, sai na ƙara mililita 5 na sukari. Ma'auni ba ya ɗanɗanawa, dole mai haɗi ya ɗiga a bayan hannu ya lasa.

Kowane kofi da ya fita na haɗa shi da tambulan na ruwa. Negroni ɗaya ta fi kwalbar giya ƙarama barasa, zaƙinta ne ke ɓoye hakan, hanta kuma kusan ƙaramin kofi ɗaya take iya sarrafawa a awa. Baƙin kofi ba ya gaggauta mata aiki, ruwan sanyi a fuska ma haka. Mutum biyu na daina zuba wa, ɗaya kuma sai da aka nemo mai kai shi gida, makullin motarsa na aljihun abokinsa.

Ƙarfe ɗaya saura. Na toshe ragowar ruwan inabi, fari da ja duka, na sa a firij, kwana uku zuwa biyar suke da shi. Na rubuta kwanan wata a jikin sabuwar kwalbar bermut, na zubar da sauran ruwan lemon tsami, na cika mazubin ƙanƙara na gobe.