Yadda muka buɗe ɗan gandun daji mai hanyar ƙafa a bayan garin Kano

A Kano fili ba ya zama haka kawai. In aka bar shi babu mai shiga babu mai fita, ba a jimawa zai zama bola, ko maɓoyar 'yan shaye-shaye, ko a wayi gari an kafa masa duwatsun awon filoti. Shi ya sa da ƙungiyarmu ta 'yan sa kai ta samu wani tsohon fili mai kududdufi a gefe da ragowar kututturan itatuwa, ba mu tsaya ga killace shi ba. Mun fitar da hanyar ƙafa da kowa zai bi, domin idon jama'a shi ne mai gadin da ba ya gyangyaɗi.

Takarda muka fara nema. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka alkawarin baki ba ya riƙe fili. Mun yi wa ƙungiya rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, domin takardar ta fito da sunanta. In da sunan mutum ɗaya ta fito, ranar da ya rasu fili ya shiga rabon gado. Aka yi safiyo, aka binne duwatsun iyaka. Daga nan sai mai unguwa, dagaci, hakimi da limaman unguwa. Mun kuma zauna da makiyayan da ke ratsa wurin, muka bar musu burtalinsu a wajen shinge. Wanda ya toshe burtali, shingensa ba zai ga damina biyu ba.

A shinge, turken ƙarfe na tafiya wurin 'yan jari bola, na katako kuma gara ce ke cinye shi. Turken siminti muka zuba, tazarar mita 3, aka ja waya mai ƙaya layi huɗu, aka dasa aguwa a jikinta. Reshen aguwa a ƙarshen rani ake soka shi, kafin ruwa ya sauka, don in ya tarar da ƙasa a jiƙe sharkaf ruɓewa yake yi. Awaki ba sa cin ta, kuma in ta haɗu ko an sace waya shinge na nan.

Hanyar ita ce ta fi cin tunani. Ba a zana ta da rani, lokacin da ko'ina yake a bushe yana yaudarar ido. A watan Agusta muka zaga filin bayan ruwa mai ƙarfi, muka kafa turaku duk inda ruwa ya kwanta da inda ya yi gudu, sannan muka karkatar da hanya ta bi tudu-tudu. Faɗinta mita ɗaya da rabi, yadda mutum biyu za su jera, keken guragu ma ya wuce. An kankare ƙasar sama, aka zuba marmara mai kaurin santimita 10. Lissafinsa: kowace mita 100 ta hanya tana cin marmara kubik mita 15, kuma a ƙara kaɗan saboda tana zama in an daddaɓe. A auna bayan tifa da hannu, kada a dogara da faɗar direba. Busasshiyar marmara ba ta kamawa. Sai an yayyafa mata ruwa har in ka dunƙula a hannu ta tsaya, sannan a bi ta da madaɓi ko ƙaramin inji.

Abin da ke kashe hanya shi ne ruwa ya mai da ita kwata. Dole tsakiyarta ta ɗan yi doro, ko ta karkata gefe ɗaya da kamar santimita 4 a kowace mita. Inda take gangara kada ta miƙe sak zuwa ƙasa, a lanƙwasa ta, kuma duk mita 15 zuwa 20 a yi ɗan kwari a karkace da zai fitar da ruwa gefe. A bakin kowace mafita mun jera duwatsu muka dasa ciyawar jema, saboda saiwarta na shiga ƙasa sosai. In aka tsallake wannan, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya tsaga tsakiyar hanya, mutane su koma takawa ta gefe, sai hanya ta faɗaɗa ta cinye ciyawa.

Ga itatuwa, mafi arha su ne waɗanda ke wurin tun da. Kututturen sabara, kalgo, aduwa da magarya suna da tsohuwar saiwa a ƙasa. Mun bi dabarar da manoman Maraɗi suka yi suna da ita tun shekarun 1980: a zaɓi tofo biyu ko uku mafi ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi. Suna wuce dashe nesa ba kusa ba, kuma ba sa neman ban ruwa. Inda babu kututture muka dasa gawo, tsamiya, kuka, kanya, kurna da ɗorawa. Irin gawo da na kuka ɓawonsu na da tauri, sai an kankare shi kaɗan ko a jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Rami santimita 50 ta kowace fuska, da ruɓaɓɓen taki. Ɗanye yana ƙona saiwa yana jawo gara. Dashe daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a yage ledar da aka raini tsiron a ciki gaba ɗaya. Wanda aka dasa a ƙarshen Agusta da wuya ya tsallake bazara. A ranin farko jarka mai lita 25 tana isar tsiro biyu, sau biyu a mako. Darbejiya mun taƙaita ta ga bakin ƙofa da wuraren hutawa. Inuwarta ba ta da na biyu, amma jemagu da tsuntsaye na watsa irinta, in aka sake mata sai ta mamaye wurin.

Daga Oktoba ake share gefen shinge faɗin mita 4 saboda gobara, kafin iskar hunturu ta taso. Ciyawar da aka yanka makiyaya muke ba. Gefen hanya kuma ana sassabe rabin mita hagu da dama don mai tafiya ya ga maciji tun daga nesa.

Kafin buɗewa mun gina banɗaki, wurin alwala da kujerun siminti, aka rubuta sunayen itatuwa da boko da ajami a jikin bulo. Ƙofar shiga mai lanƙwasa ce don hana babur, da ta gefe mai makulli saboda masu keken guragu. Ana buɗewa bayan asuba, a rufe kafin magariba, kuma mai gadi ɗan unguwa ne da ake biya duk wata. Aikin sa kai ba ya riƙe gadi. Masu neman sassaƙen magani ba mu kore su ba, don korar ba ta hana su dawowa da dare. Suna zuwa da rana, mai gadi na tsaye, su ɗauki ɓawo daga fuska ɗaya kawai. Itacen da aka zagaye da sassaƙa ya mutu, ko da ganyensa bai nuna ba tukuna.